Sai An Binne Mai Hula

Litinin, 12 Agusta 2024

Jiya aka yi sadakar arba'in. An watse. Tabarmin aro sun koma masallaci, wasu kofunan shayina sun bi baƙi gida.

Tun ranar da Malam ya rasu, kowa ya shigo sai ya ce mini sai haƙuri. Na amsa har bakina ya gaji. Ba wanda ya tambaye ni ko haƙurin nake so in yi ko kuwa in fasa wani abu. Shekara ashirin da shida ina auren mutum, ashe tun bara ciwon zuciya yake cinsa, yana rufe shagon ɗinkinsa ya tafi asibiti, ni yana ce mini ya je kasuwar Mokolo sayen zare. A bakin likita na ji, bayan an rufe masa ido.

Wana, Yaya Yuguda, ya ja ni gefe kafin ya koma Garwa. Wai ina fita takaba zai zo ya ɗauke ni. Mace ba miji, 'yarta ɗaya tana aure a Douala, zaman me take yi a Yaoundé? Ya gyara mini ɗaki a bayan gidansa. Na san ɗakin, da can buhunan masara ake zubawa. Na ce masa a garin nan na koyar da Faransanci har na yi furfura, a nan littattafaina suke. Ya ce littafi ba muharrami ba ne.

Gidan nan na gadon dangin Malam ne, kuma maganarsu a bakin Hajiya Karimatu take, yayarsa ta unguwar Ekoudou. In ta ce in zauna, na zauna. In ta yi shiru, sai Garwa. Matar da tun ranar da aka kawo ni take kirana Madam Littafi, ba ta taɓa cin miyata ba sai ta nemi gishiri. Kuma na tabbata ta san ciwon nan. Ita zai faɗa wa, ba ni ba.

Alhamis, 15 Agusta

'Yata Nuriyya ta koma Douala. Ta bar mini tablet ɗinta. Ta ce, Mama, ki daina kallon bango, na saka miki wani seri, fim mai kashi-kashi, na ƙasar Finlande, da fassarar Faransanci a ƙasa. Na ce mai takaba da fim? Ta ce ai gawa ce a ciki daga farko har ƙarshe, ya dace.

Yarinyar nan bakina ta ɗauko, Allah Ya shirya.

Asabar, 24 Agusta

Na kasa karatu. Na ɗauko marubutan nan masu gemu na Rasha da nake so, sai na ji sun cika surutu a kan mutuwa. Kowa ya zama malami.

Bayan azahar na buɗe abin Nuriyya. Sunan serin ma na kasa furtawa, baƙaƙe ne a jere da ɗigo bibiyu a kansu.

Wani ƙaramin gari ne a bakin tafki, ƙanƙara ta rufe komai. Direban motar share ƙanƙara, wani dogo, ya tsinci dattijon da ke gyaran rediyo a garin zaune a gefen hanya, matacce, hularsa ta gashi a kansa. To aikin share hanya bai ƙare ba, waya kuma ba ta shiga. Sai ya ɗauke shi ya zaunar da shi a kujerar gefe, ya ɗaura masa bel, ya ci gaba da aikinsa. Yini guda suna zaga gari. Mutane suna ɗaga wa dattijon hannu. Ba wanda ya gane, saboda da ransa ma ba ya amsa gaisuwa. Har wata mai sayar da burodi ta leƙa ta taga ta ce yau dai ta ga fuskarsa a sake.

Ban san lokacin da dariya ta ƙwace mini ba. Irin wadda ke fitowa ta hanci. Na toshe baki da gyale na ƙara fashewa.

Malam ne sak. Wallahi da a kan kekensa ya cika, sai an kawo masa ɗinki biyu an tafi kafin a lura.

Astagfirullah. Amma shi ne.

Talata, 27 Agusta

Na tsaya ina tambayar kaina me ya kama ni a abin nan. Finafinan da matan layin nan ke kallo, in an yi mutuwa sai a saki kiɗa mai tsuma zuciya don ki san yanzu ne za ki yi kuka. Waɗannan ba sa ce miki komai. An gaya wa 'yar'uwar mamacin, ta tashi ta ɗora ruwan kafe, wato kofi. 'Yar sandar da ta kawo labarin, wata ƙatuwa mai ɗingishi, ta zauna ta sha. Ba wadda ta ce haƙuri. Da za ta tafi sai ta ce, ƙofarki tana ƙara, a sa mata mai.

Da wani ya zo mini gaisuwa haka, da na raka shi har titi.

Ban taɓa ganin ƙanƙara ba sai a firigo, amma mutanen nan sun fi dangina sanin yadda ake zama da mai takaba. Allah Ya saka wa wanda ya rubuta, ko wane ne shi.

Lahadi, 1 Satumba

A unguwarmu ta Briqueterie bango ado ne kawai. Jiddah maƙwabciyata ta ji dariya, ta ji muryoyin maza da wani yare. Kafin la'asar labari ya kai wurin masu gasa soya, wato tsire, kafin magariba ya haye Ekoudou. Yau da safe Yaya Yuguda ya kira daga Garwa. Wai abin da yake tsoro ke nan. Wai an ce ko hawaye ban yi ba ranar jana'iza.

Wannan kam gaskiya ne. Ban yi ba. Mutum ba ya kuka yana cije da haƙora.

Laraba, 4 Satumba

Hajiya Karimatu ta sauka daga taksi da darduma, da buta, da jakar kaya. Za ta taya ni zama har in fita. Taya zama! Gadi dai.

Ta duba kantar littattafan ta ce ƙura kawai suke tarawa.

Juma'a, 6 Satumba

Shiru. Carbi. Ruwan sama. Ta nemi gishiri.

Litinin, 9 Satumba

An kama ni.

Ta kwanta bayan azahar, na ji numfashinta ya daidaita, na sa abin ji a kunne na buɗe tablet ɗin. Ashe tana tsaye a bayana. Na ce shi ke nan, Garwa ta tabbata, gara in fara neman kwalaye.

Daidai wurin da ake cusa dattijon cikin ƙaton firigon ƙungiyar masunta ne, a tsakiyar kifi, don likitan da zai duba gawar yana birni kuma hanya ta toshe. Hularsa na kansa har yanzu.

Ta ce, wannan bawan Allah me ya yi? Na ce rasuwa ya yi. Ta ce yaushe? Na ce kwana uku ke nan a cikin labarin. Ta dafe ƙirji. Kwana uku ba a yi masa sutura ba? Ba shi da 'yan'uwa? Garin ba dattawa? Na ce Hajiya, wasa ne, shiryawa aka yi. Ta ce ko wasa ne ai a binne shi.

Ta ja kujera. Ta ce cire abin nan daga kunnenki, ki riƙa faɗa mini abin da suke cewa. Ba za ta iya tashi ta bar mutum a cikin kifi ba.

Na fassara mata har kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke, batir ya mutu. Fassarar ba wuya, mutanen ba sa magana.

Alhamis, 19 Satumba

Mun kafa doka, ita ta kafa. Kashi ɗaya a rana in akwai wuta, bayan azahar, ƙofa a rufe, murya a ƙasa. Ba kallo muke yi ba, in ji ta, jiran jana'iza muke yi.

Ta raɗa wa kowa suna. Mamacin Mai Hula. Direban Dogo. 'Yar sandar Hajiya Kwamanda. Tana sa musu baki kamar suna jinta. Yau Dogo da Kwamanda suka haɗu a bakin shago, ba sallama, ba ina kwana, kowa ya kalli takalminsa. Ta ce surukai ne. Na ce ba surukai ba ne, haka suke. Ta ce Madam, karatu daban, sanin mutane daban, wannan kunyar ta surukai ce, ko dai Fulani ne da sanyi ya wanke.

Na so in yi gardama. Na tuna ni ke neman alfarma. Na haɗiye maganar.

Laraba, 25 Satumba

Jiddah ta leƙo aron turmi, idonta yana yawo a ɗaki. Hajiya ta ce mata turmin yana waje, ba a ƙarƙashin gado ba.

Talata, 1 Oktoba

Dole in rubuta wannan.

Kwamanda tana zargin mutum uku da hannu a mutuwar Mai Hula, dukansu sun ƙi zuwa ofishinta. Sai ta bi su inda suke taruwa, wani ɗakin katako mai zafi, ana zuba ruwa a kan duwatsu tururi na tashi. Tsofaffi uku da tawul, suna dukan jikinsu da damin ganye, ita tana tsaye a bakin ƙofa cikin kakinta gumi yana zuba.

Hajiya ta rufe ido da mayafi, ta bar kafa. Can sai ta ce, tsaya. Ruwan zafi? Ganye? Wankan jego suke yi! Maza! Waye ya haihu a cikinsu?

Na yi ƙoƙarin bayani. Ta ce ba wani bayani, ita ta yi wa mata wankan jego sun fi a ƙirga, ta san shi in ta gan shi, kuma wancan mai tumbin bai iya riƙe ganyen ba. Saura a dama musu kunun kanwa.

Ni na fara. Ita ta biyo baya. Ban taɓa jin dariyarta ba, ashe ba ta da sauti, kafaɗu ne kawai ke rawa, hawaye na zuba. Ta riƙa dukan cinyata tana cewa ki yi shiru, 'yar banza, za a ji mu.

Da muka lafa sai ta yi salati ta ce Allah Ya yafe mana. Na ce amin. A raina na ce kuma Ya ƙara.

Asabar, 12 Oktoba

Likita ya iso garin, aka buɗe firigon, ba Mai Hula. 'Yar'uwarsa ta sace shi ta kai rumbun gidanta saboda da ransa ba ya son warin kifi. Hajiya ta ce ga mai hankali ɗaya a garin.

Ta daina neman gishiri. Ko ta gaji ne, ko ni na fara sawa da yawa, ban sani ba.

Yaya Yuguda ya ce zai zo farkon wata a yi magana.

Laraba, 23 Oktoba

An binne Mai Hula.

Ba wanda ya kashe shi. Mutanen ukun kowanne yana ɓoye wata ƙaramar wauta ce tasa. Likita ya ce zuciyarsa ce, ta daɗe tana ba shi wahala, akwai ƙwayoyi a aljihunsa. Aka tambayi 'yar'uwar ko ta sani. Ta ce a'a. Ta ce da ta tambaye shi ma, cewa zai yi lafiya lau.

Da na zo fassara wannan sai na tsaya. Hajiya ta ce me ta ce? Na faɗa mata.

Suka hura wuta a kan ƙasa ta narke, suka haƙa. Mutum kaɗan ne a bakin kabarin. Dogo ya zo da motarsa ya share hanyar maƙabarta duka, har wuraren da ba wanda zai bi, sannan ya tsaya daga nesa ya cire hularsa.

Hajiya ta ce alhamdu lillahi. Sai ta ce, ba ta kalle ni ba, ke da kike karanta takardun likita, me ya sa ba ki gaya mini ba? Ƙanina ne. Ni na goye shi.

Na ce ni? Ni da na ji a bakin likita? Ai ke ya gaya wa!

Muka kalli juna. Wata uku da wani abu kowacce tana dafa wa ɗayar fushi a ciki. Ta zo gidan nan ne tana ganin na ɓoye mata ciwonsa don raini, ni kuma ina kallonta ina ganin an haɗa baki da ita. Ashe ba wanda ya gaya wa. Shi da zarensa na Mokolo.

Ta ce yana yaro ya faɗo daga bishiyar mangwaro ya karye a hannu, ya yi kwana biyu yana cin tuwo da hagu, Inna tana dukansa a kan rashin ladabi, sai da hannun ya kumbura aka gane. Ta ce munafukin Allah. Na ce mugu. Ta ce mai baƙin shiru. Muka yi ta zaginsa bi da bi, kamar masu daka, har na ji wani abu ya tsinke mini a ƙirji.

Na yi kukan. Mai muni, da majina. Ba ta ce mini haƙuri ba. Ta tashi ta ɗora ruwan shayi.

Alhamis, 24 Oktoba

Idona ya kumbura. Na yi barci kamar an doke ni.

Allah Ya jiƙanka, Malam. Har yanzu ina fushi, kada ka ɗauka an gama.

Lahadi, 3 Nuwamba

An yi zaman a tsakar gida, ni ina daga ƙofar ɗaki a bayan labule. Yaya Yuguda, da Mohaman Bello ƙanin Malam, da Hajiya a kan dardumarta.

Yaya ya yi dogon jawabi, ya iya. Amana, mutunci, abin da mutane za su ce. Ya ce ba don kansa ba. Sannan ya sauke abin da ya zo da shi: an ji dariya a ɗakin takaba, ba sau ɗaya ba, unguwa shaida ce, wannan kaɗai ya nuna Jaratu, wato ni, tana bukatar wanda zai sa mata ido. Mohaman Bello yana ta gyaɗa kai kamar ƙadangare. Na riƙe labulen har farcena ya huda shi. Ina da amsa guda goma, kowacce ta fi ta baya kaifi, kuma na san ina buɗe baki na tafi Garwa.

Hajiya ta bar shi ya gama. Ta ce, Alhaji, dariyar da aka ji, rabi tawa ce. In laifi ne, ka gyara ɗaki biyu.

Ya ce Hajiya, ba haka nake nufi ba.

Ta ce gidan nan ubana ya gina shi. Ƙanina ya kawo mace ya ajiye a ciki, ta zauna da shi shekara ashirin da shida, mutumin da ko ni da na goye shi ba na iya yini da shi ba tare da na ji kamar in yi ihu ba. Ba ta kai ƙararsa wurin kowa ba. Tana nan. Wanda yake son ɗakin ya zo ya tambaye ni.

Mohaman Bello ya daina gyaɗa kai, sannan ya ci gaba, ta ɗaya ɓangaren.

Yaya ya ci abinci ya tafi tashar jirgi. Da zai fita ya tsaya a ƙofata ya ce in ina bukatar wani abu in kira. Na ce to, Yaya, Allah Ya kiyaye hanya. Ba mugu ba ne. Yana dai son a gan shi yana riƙe da wani abu.

Na ce wa Hajiya na gode. Ta ce me aka yi? Ta ce in duba shinkafa tana kamawa.

Juma'a, 8 Nuwamba

Na fita takaba. Na yi wanka, na sa atamfar da Nuriyya ta aiko, an yi addu'a, an raba waina. Jiddah ce ta fi kowa rungume ni.

Hajiya ta naɗe dardumarta bayan Juma'a. Na kira mata taksi. Ta tsaya a gaban kantar littattafan ta ce, a cikin waɗannan duka akwai mai gawa? Na ce sun fi rabi. Ta ce hm. Ta tafi.

Gidan ya yi faɗi.

Talata, 12 Nuwamba

Na je Mokolo, fitata ta farko. Hayaniya, taɓo, masu turin kaya suna ihu a kunnen mutum, wata ta taka ni ta kuma zage ni. Na rama, na ji daɗi. Na wuce layin masu zare ban kalla ba. To, na kalla kaɗan.

Na sayi tattasai da busasshen kifi, ya yi mini yawa, ni kaɗai ba zan cinye ba. Ekoudou kuma ba nisa, ƙafa ma tana kaiwa. Ba wai na shirya ba ne. Littafin da ke jakata ma don taksi na ɗauko shi, ko da za a tsaya a cunkoso, wani tsohon labarin 'yan sanda ne da aka tsinci mutum a rijiya.

Na tarar da ita tana tsince shinkafa. Ta ce Madam, lafiya? Na ce kifi na kawo. Ta kalli jakar ta ce kifin ne mai bango ja?

Na karanta mata babi biyu, ina juyawa da Hausa. Ta ce matar mai gidan ce ta tura shi. Ba ita ba ce, na san ƙarshen tun ina budurwa, amma ban faɗa ba.

Da zan tafi na ce, sai Alhamis, Yaya. Bakina ne ya suɓuce. Ta ƙara mini albasa a jaka.